Lokacin tashi ya yi, oga bai tashi ba

Tambaya: Ina aiki a wani kamfani a Wuse, Abuja, gidana kuma yana Mararaba. A takardar ɗaukar aiki ƙarfe 5 ake tashi, amma ba mai motsawa sai oga ya ɗauki makullin motarsa, wani sa'in har bayan magariba. Da dare kuma ga saƙonninsa a WhatsApp. Kafin in isa gida yara sun yi barci. Ni ce ban iya tsara lokacina ba?

Amsa: Malama, kada ki ɗora wa kanki laifi. Kowace ma'aikata tana da doka biyu, ta takarda da wadda ake karantawa a fuskar oga, kuma ta biyun ake bi. Na sha ganin ofis ƙarfe 6 ta wuce, jakunkuna a ɗaure, kwamfuta a kunne ba abin da ake yi da ita, kowa na satar kallon ƙofar oga. Zaman ganin ido ke nan. Shi ogan wataƙila a Maitama yake, minti goma sha biyar ya isa gida, bai san cewa rabin awar da ya ƙara miki tana zama awa biyu a gosulon hanyar Mararaba, daga shataletalen AYA zuwa Nyanya, ba. Sau da yawa rashin sani ne ba mugunta ba, ko da yake akwai masu jin daɗin a zauna ana jiran su.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke awannin aiki ba, ta bar su ga yarjejeniya. Ta dai tanadi hutun awa ɗaya ga mai aikin awa 6 ko fiye, da rana ɗaya a mako, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12. Sai dai ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba, don haka takardarki ta ɗaukar aiki ce babbar madogararki. Faransa tun 2017 ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna ƙa'idar saƙonnin bayan tashi. Mu nan babu wannan, sai abin da oga ya ga dama.

Ki same shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, kuma ranar da kika miƙa aiki a kan kari. Ki ce: "Yallaɓai, in na bar nan ƙarfe 5 ina kauce wa gosulo, in shigo da wuri washegari. In abu na gaggawa ne da dare a kira ni, sauran zan duba da safe." Ki nemi a gwada na wata ɗaya. In ya amince, ki tura masa gajeren imel na godiya mai ɗauke da abin da kuka tsayar, ki ajiye kwafi.