Tambaya da Amsa: Sauraron Littafi a Hanyar Zuwa Aiki

Tambaya: Ina zaune a Mararaba, ina aiki a cikin Abuja. Zuwa da dawowa yakan ci mini awa biyu a gosulo kullum. Na ji ana biyan kuɗin wata a manhaja a riƙa sauraron littafi. Wane tsari ne zai fisshe ni?
Daga wata ma'aikaciya, Mararaba

Amsa: Malama, kafin ki sa lambar katinki, fara da lissafin awoyinki. Awa biyu sau kwana 22 na aiki, awa 44 ke nan a wata. Masu karatun sutudiyo sukan karanta kalmomi kusan 9,000 a awa ɗaya, saboda haka littafi mai kalmomi 90,000 zai ɗauki kamar awa goma. Wato kina iya cinye littafi huɗu a wata.

A nan ne mutane ke yin asarar kuɗi. Audible, kamfanin littattafan sauraro wanda Amazon ya saya a 2008, yana ba da kiredit ɗaya duk wata a tsarinsa da aka fi sani. Kiredit ɗaya littafi ɗaya ne komai tsawonsa, kuma littafin ya zama naki ko kin daina biya. Akwai kuma wani rumbun littattafai da za ki saurara muddin kina biya, ranar da kika soke ƙofar ta rufe. Storytel na ƙasar Sweden haya ne zalla, ba abin da zai zama naki. Spotify yana ba masu biyan kuɗi awa 15 na sauraron littafi a wata a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, sai dai ba kowace ƙasa aka buɗe wa ba, don haka ki duba ko tsarin yana aiki a inda kike.

Ga mai awa 44, ɗaukar littafin awa shida da kiredit ɓarnar kuɗi ce, kwana uku ya ƙare. Ki ajiye kiredit don babban littafi mai awa 25 ko 30, sauran kwanakin ki cike su da na rumbun, ko da LibriVox, inda 'yan sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, kyauta. Muryoyin can, gaskiya, akwai daɗi akwai akasin haka. Ki saurari minti biyu kafin ki sauke.

Tambaya: Data nawa yake ci? Kuma me ya sa karatun ke tsayawa da zarar allon wayata ya mutu?
Daga wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Murya ba ta cin data kamar bidiyo. A ƙaramin inganci awa ɗaya kusan megabait 14 ce, a babban inganci kusan 29. Littafin awa goma bai wuce megabait 140 zuwa 290 ba. A cikin ƙarar mota kunne ba ya bambance su, ka zaɓi ƙaramin. Ka sauke littafin gaba ɗaya tun da dare, sannan ka kashe data ka kunna shi ka gani. In ya yi magana, ya sauka ke nan. In ya tsaya yana juyi, ashe kai tsaye kake ji daga intanet, kuma zai yanke maka duk inda sabis ya ɗauke.

Tsayawar karatu in allo ya mutu kuwa, yawanci aikin mai tattalin batir ne. Wayoyin Android da dama suna kashe duk manhajar da ba ta kan allo don caji ya daɗe. Ka shiga saiti, ka nemo manhajar, ka buɗe sashen batir, ka cire mata takunkumin aiki a bayan fage. In kana da manhajar nan mai "share waya", ka cire ta littafin daga jerin waɗanda take rufewa.

Tambaya: A adaidaita nake tafiya, sai na ƙure ƙara kafin in ji abin da ake faɗa. Da yamma kunnena sai ya riƙa kuka.
Daga wata mai karatu, Kano

Amsa: Kukan nan gargaɗi ne, Hajiya, kada ki raina shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci biyu. Laifin yawanci na iyafis ne. Mai busasshen kai wanda ke zama a bakin kunne yana barin ƙarar injin ta shiga, sai ki yi ta ƙara murya. Ki nemi mai robar da ke toshe ramin kunne, ki gwada girma ukun da ke zuwa a kwalin har ki sami wanda ya zauna daram, ki tsayar da ƙara a kashi 60 cikin ɗari. In za ki sauka ki tsallaka titi, ki cire. Kukan in ya wuce kwana biyu zuwa uku, ki ga likitan kunne.

Tambaya: Ni da kaina nake tuƙi, motar tsohuwa ce ba Bluetooth. Kuma hankalina yakan tafi, sai in ga babi ya wuce ban fahimci komai ba.
Daga wani magidanci, Kaduna

Amsa: Alhaji, iyafis dai a ajiye shi, yana hana jin hon da jiniya, kuma taɓa waya ana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kai. In rediyon motar yana da ramin AUX, igiya mai baki biyu ta wadatar. In babu, akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, ta karɓi sauti daga waya ta tura wa rediyo ta zangon FM. Ka zaɓi lambar da babu tasha a kanta ko kusa da ita, in ba haka ba shuuu zai dame ka. Ka kunna littafin kafin ka tayar da mota.

Tafiyar hankali kuma, littafin ne bai dace da sitiyari ba. Mai alƙaluma da jadawali a bar shi sai an zauna. Labari da tarihin rayuwa su suka fi tafiya da tuƙi. Ka bar saurin karatu a 1, kada ka kai shi 1.5 kamar na fasinja. In an rasa wuri, akwai maɓallin komawa baya da daƙiƙa 30, a danna bayan an faka.

Tambaya: Na goge manhajar tun watan jiya, amma an sake cire mini kuɗi.
Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato

Amsa: Goge manhaja ba ya soke rajista, Malam. Inda ka yi rajistar nan za ka koma: in ta Google Play ce, ka shiga sashen biyan kuɗi da rajista ka soke a can, in ta shafin kamfanin ce, ka shiga asusunka a burauza. Kafin ka danna, ka kashe duk kiredit ɗin da ya rage, domin a rajistar shafi wanda ba a taɓa ba yakan tafi tare da ita. Ka kuma ajiye saƙon imel na tabbatar da sokewa, shi ne shaidarka in cirar ta sake faruwa.