Gudun awa 24: me ya sa aka daɗe ba a kamo Kouros ba?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai tseren da lokaci ake yanka wa 'yan gudu maimakon nisa, kuma wai wani ya kafa tarihi a ciki da aka haura shekara 20 ba a goge ba. Yaya abin yake?

Amsa: Gaskiya ka ji, ɗan'uwa. Ana ba su awa 24 su yi ta zagaya wata gajeriyar hanya, galibi kilomita ɗaya ko biyu, wata 'yar na'ura a jikinsu tana ƙirga zagayen. Da lokaci ya cika kowa zai tsaya cak inda yake, a auna ragowar mitocin.

Mutumin da kake nufi Yiannis Kouros ne, ɗan ƙasar Girka. A 1997 ya yi kilomita 303.506 a filin tsere a Adelaide ta Ostireliya, a 1998 kuma ya yi 290.221 a kan titi a Basel ta Suwizalan. Babu wanda ya wuce shi sai a Agustan 2021, da Aleksandr Sorokin na Lithuania ya yi 309.399 a Poland. Shekara ta zagayo ya kai 319.614 a Verona ta Italiya. Gudun marathon (tseren kilomita 42 da 'yan kai) bakwai da rabi ke nan a jere, kowace kilomita cikin kusan minti huɗu da rabi.

Masu saurin da ya fi na Kouros suna da yawa. Abin da ke kayar da su shi ne tsayawa. Minti biyar da ka yi a ban ɗaki ko wajen canza safa ya cinye maka sama da kilomita guda. Ga ciki: dole ka riƙa ci kana gudu, amma bayan an haura awa goma, ko ruwan sukari ka kurɓa sai zuciya ta tashi. Can wajen ƙarfe uku na dare sanyi ya sauko, ƙafa ta yi bororo, barci na fizgarka. A nan ne za ka ga gwani ya zauna a kujera "na minti ɗaya", ya kasa miƙewa.

Wasu na cewa takalman zamani masu laushin ƙasa ne suka ɗaga Sorokin. Na yarda sun taimaka. Amma abokan gudunsa ma irinsu suke sawa, kuma a Verona tazarar da ya ba na biyu ta haura kilomita 15.