Amsa: wasiƙa ga wadda damuwa ta kwantar

Hajiya, kin tambaya ko wasiƙar hannu za ta amfani ƙanwarki da ta fita takaba amma ta daina shiga mutane. Za ta amfane ta, in kin gajarta: layi 5 ya isa. Ambaci abu ɗaya takamaimai, kamar alkakin da take yi muku da salla. Ban da "wasu sun fi ki shiga uku", sai ta ga kamar laifinta ne. Ƙara da "ba sai kin amsa ba." Ki haɗa da kwanon abinci duk Juma'a.

In rashin barci da ƙin abinci sun wuce mako 2, ku kai ta Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. In ta ambaci kashe kanta, a ranar za ku tafi.