Lambar OD ta tsaya, amma cikin kwalbar aiki bai tsaya ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin bar bakteriyar E. coli ta kwana a ruwan LB, wato ruwan abincin da ake renon ta a ciki, da safe lambar OD600, wadda ke auna dagulewar ruwan, ta daina hawa, kina tambaya ko mutuwa suka yi ko barci, kuma me ya hana ƙirgen farantinki, wato yawan tsibin ƙwayoyin da suka tsiro a farantin reno, dacewa da abin da na'ura ta nuna. Na daɗe ina renon bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne kada ki ba miƙaƙƙen layin nan da OD ta zana bayan ta daina hawa amana.

Na'urar ba ta ƙirga rai. Haske take harbawa cikin ruwan, ta auna yadda ya dagule, don haka mai rai da gawar da ba ta fashe ba duk ɗaya ne a wurinta. Shi kuwa faranti, wanda ya iya rabuwa har ya kafa tsibi kaɗai yake nuna miki. Da ma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Idan ruwan ya yi kauri sosai ma, sai kin tsinka shi kafin lambar ta zama abin dogaro.

Sauyin kuma tun kafin layi ya miƙe yake farawa. A digiri 37 cikin wadataccen abinci, E. coli kan ninka kanta a wajen minti 20, ƙwayoyin manya ne dogaye, kowace tana kwafar DNA tun ba ta gama kwafin baya ba. A LB wannan wadata takan soma ja baya tun OD na wajen 0.3, domin sun fara cinye amino asid masu sauƙin ci. Ki riƙa ɗibar ɗigo kina dubawa a maikiroskop kowace awa, za ki gani da idonki: suna gajarcewa, har su kusa zama ƙwallo. Suna ƙarasa rabuwar da suka faro ba tare da ƙara jiki ba. Shi ya sa a farkon tsayawar ƙirgen faranti kan ɗan ci gaba da hawa alhali OD ta kafe. Bayan kwanaki kuma abin ya juye, faranti ya zube, OD na nan kusan inda take.

Abin da ke gudana a cikin ƙwayar shi ya fi burge ni. Da yunwa ta taɓa ta, sai sinadarin ppGpp ya taru, ya rage ƙera sababbin ribosom, wato injinan da ke haɗa furotin a cikin ƙwaya. Wasu ribosom ɗin a haɗe su biyu-biyu a ajiye. Furotin RpoS ya yawaita, ya kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado na juriya, wani furotin mai suna Dps kuma ya lulluɓe DNA ya kare ta. Kamar gidan da ya hango fari ne, ya rage tuwo ya toshe bakin rumbu. Ƙwayar da ta kwana ta fi ta jiya da rana jure zafi, tsami da gishiri. Wasu bakteriya irin su Bacillus ma wucewa suke su koma sifo, wato kwantacciyar ƙwaya mai taurin ɓawo, bakteriyar Streptomyces kuwa a wannan lokacin take fitar da yawancin magungunanta. Ruwan kansa ya sauya: a LB cin amino asid na sakin amoniya, pH, ma'aunin tsami, ya haura zuwa wajen 9, idan kuwa gulukos ya yi yawa asid ne ke taruwa.

Don Allah ki kula da wannan idan gwajin magani za ki yi. Penisilin da danginsa suna kashe ƙwayar da ke gina bangon jikinta ne. Wadda ta daina girma sai maganin ya wuce ta. Joseph Bigger ya bayyana haka tun 1944 a kan bakteriyar Staphylococcus: 'yan ƙalilan sun tsira daga penisilin, amma da aka sake renon su, 'ya'yansu suka mutu da maganin kamar na farko. Ba turjiyar gado ba ce, kwanciya ce ta ɗan lokaci, kuma irin waɗannan sukan yi yawa matuƙa a ruwan da ya kwana. Na sha ganin ɗalibi ya rubuta cewa ya samo ƙwaya mai bijire wa magani, alhali tsohon ruwa kawai ya ɗiba.

Idan kika bar kwalbar kwana uku ko fiye, kusan kashi 99 cikin 100 za su daina fitowa a faranti. Ragowar sai su rayu a kan gawar 'yan'uwansu, har watanni da shekaru idan ruwan bai ƙafe ba. A 1993 ɗakin binciken Roberto Kolter a Harvard ya nuna cewa ƙwayoyi daga kwalba mai kwana goma, idan aka cuɗa su da na kwana ɗaya, sukan mamaye su, saboda sauyin gado da suka samu, galibi a rpoS, ƙwayar gadon da ke samar da RpoS ɗin nan. Ke nan jimillar tana iya zama wuri ɗaya, amma wata zuri'a na hawa wata na gushewa. Saboda haka ban yarda a riƙa ajiye iri a tsohuwar kwalba ba. A zuba masa sinadarin gilisarol a daskare shi a digiri -80.

Naki na kwana ɗaya, mafi yawansu na da rai. Ki ɗebi kashi 1 ki zuba a kashi 100 na sabon ruwa, ki yi haƙuri da ɗan jinkirin farko da za su yi kafin su farfaɗo, sannan ki kama su OD na tsakanin 0.2 da 0.4. Kowane samfuri ki rubuta awar da kika ɗebe shi, ki yi masa OD da faranti a tare. Idan kin maimaita, ki turo mana lambobin biyu da sunan ruwan da kika yi amfani da shi, mu duba tare.