Sabuwar bindigar iska ta ba da matsala: a goge, a gyara, ko a mayar?

Tambaya: Malam, na sayi sabuwar bindigar iska, irin wadda ake karya bututunta a ɗana. Harbin farko ta yi ƙara kamar bindigar gaske, hayaƙi ya fito da warin ƙonannen mai. Tun daga nan ban sake taɓa ta ba don tsoro. Ta lalace ne?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, da alama lafiyarta ƙalau. A cikin irin wannan bindiga akwai sifirin da fistan. Da ka ja kunama sai fistan ya ruga ya matse iskar da ke gabansa cikin ƙiftawar ido, iskar ta ɗau zafi har ta kunna ɗan man da kamfani ya bari a ciki, yadda injin dizal ke kama wuta ba tare da filogi ba. Ci gaba da harbi da harsashin dalma mai ɗan nauyi, hayaƙin zai riƙa raguwa. Ka guji marasa nauyin nan da ba na dalma ba, don sukan wuce gudun sauti, wato kimanin mita 343 a daƙiƙa, su yi tsawa ko babu mai. In ka harba ɗari ko fiye tana nan tana tsawa, to a mayar da ita.

Bututun kuwa yana son goga ɗaya kafin a fara aiki da shi, saboda man hana tsatsa da ake shafa masa. Samu igiyar nailan mai kauri, ka maƙala mata ɗan ƙyallen auduga, ka zura ta inda ake sa harsashi ka jawo ta baki. Ƙyallen farko zai fito ruwan ƙasa da danƙo, na gaba su yi toka-toka. Nan ka tsaya, kada ka nace sai ya fito fari fat. Ban da burushin waya, ban da sandar ƙarfe. In ka ƙwarzane gefen bakin bututun nan, inda harsashi ke rabuwa da shi, saiti ya tafi ke nan.

Tambaya: Tawa tun daga kwali ba ta da ƙarfi. Na ɗura mata man inji ta ƙaramin ramin da iska ke fitowa, na ƙara da man feshi na kwance tsatsa. Ta yi ƙarfi sau uku, sannan ta fi da lalacewa. Ni da abokina muka kwance ta, yanzu mai shago ya ce ba zai karɓa ba. Ba zalunci ba ne?

Amsa: Ba zalunci ba ne, kuma ko ni ne mai shagon ba zan karɓa ba. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yana yawan kashe sabbin bindigogi: mutum ya ga matsala, maimakon ya koma wa wanda ya sayar masa, sai ya ɗauko mai da sukundireba.

Ƙarfin da ka gani sau uku ba ƙarfin bindigar ba ne, man da ka ɗura ne yake fashewa a ciki. Kowace fashewa tana ƙona robar da ke kan fistan, tana wurga fistan baya da ƙarfi, har sifirin ya kan karye. Ramin nan ba ya son duk wani mai da aka samo daga fetur. In ma za a sa masa wani abu, ɗigo ɗaya ne na man silikon da aka yi domin wannan aiki, shi ma sai bindiga ta daɗe tana aiki, kuma sai littafin kamfani ya ce a sa. Sabuwa ba ta bukata.

Kwancewar da kuka yi kuma ta soke garanti, kuma ku gode wa Allah da ba ku ji ciwo ba. Sifirin ɗin a matse yake ko ba a ɗana bindigar ba, yana iya cillo murfin baya a fuskar mutum. Garin neman gira kun kusa rasa ido.

Da ka tambaya tun farko, da na ce ka shimfiɗa 'yar takarda mai laushi a kan mahaɗar bututu ka harba. In ta yi tsalle, robar wurin ce ke yoyon iska, hujjarka ke nan a hannu. Da kuma na ce ka duba ko haka aka ƙera ta. Kamfanoni na fitar da samfuri guda da ƙarfi daban-daban saboda dokokin ƙasashe. Wadda ake sayarwa ba lasisi a Jamus ba ta wuce jul 7.5 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi), kuma tana ɗauke da harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. Ta Ingila iyakarta kusan jul 16 in ba da lasisi ba. Gudun da ake rubutawa a jikin kwali kuwa galibi da harsashi mafi rashin nauyi ake auna shi, kada ya ruɗe ka.

Sannan akwai jabu. Bindiga ba lambar kamfani a jikin ƙarfenta, ba littafi, ba katin garanti, mai sayarwa kuma yana ta kame-kame in aka ce ya rubuta rasit, amma saboda araha sai a biya. Wa za ka kai wa ƙara daga baya? Taka yanzu sai ƙwararren mai gyaran bindiga, ya canza roba ya duba sifirin, da kuɗinka.

Tambaya: Harsashina warwatsuwa yake yi. Bututun ne a karkace?

Amsa: Da wuya. Fara da notukan da suka riƙe ƙarfe da ƙota, don girgiza na sassauta su. Sannan riƙon: mai sifirin ba ta son a damƙe ta, ɗora ta a tafin hannu a buɗe, wuri ɗaya kullum. Gwada harsashi iri biyu ko uku, ka watsar da masu lanƙwasasshen gindi. In da madubin saiti a kai, cire shi ka harba da saitin ƙarfe a mita 10. Idan suka haɗu, madubin ne mai laifi. Irin wannan bindiga tana bugu baya da gaba, tana kuwa lalata madubin da ba don ita aka yi shi ba. Ka kuma ba ta harbi ɗaruruwa kafin ka yanke mata hukunci.

Tambaya: Zan iya sa ƙwayoyin boris maimakon harsashi? Kuma laifi ne in harba ba komai don jin ƙara?

Amsa: Wannan ma har sai an tambaya? Ƙarfe zai cinye zanen cikin bututu, kuma yana dawowa kan mai harbi in ya daki abu mai tauri. Harbi ba harsashi kuma fistan ne ke dukan bango ba abin da ya tare shi. Daina duka biyun.

Tambaya: Malam, ɗana ya daɗe yana tara kuɗi ya sayi irin wadda ake cika wa iska da famfo. Ya cika da dare, da safe allurar da ke nuna yawan iskar ta sauka ƙasa. Sau ɗaya ma ta tashi da kanta da ya rufe ta. Yaron ya shiga damuwa, ni kuma ina jin nauyin komawa wurin mai sayarwa.

Amsa: Hajiya, kada ki ji nauyin komai, haƙƙinku ne, kuma yaron ya kyauta da bai kwance ta ba. Ya kamata irin wannan ta riƙe iskarta makonni. Ana cika ta har bar 200 ko fiye (bar shi ne ma'aunin matsin iska), saboda haka ba abin da za a taɓa a gida ba ne, kuma kada wani ya ba shi shawarar cika ta da iskar oksijin, gobara ce. Amma tashi da kanta shi ya fi tayar mini da hankali. Daga yau kada a sake sa mata harsashi.

Ya ɗauki hoton allurar da dare, ya sake ɗauka da safe, ya ɗauki na lambar da ke jikin bindigar. Ku aika wa mai sayarwa saƙo a rubuce yau ɗin nan, da ranar saye da abin da ya faru, domin wa'adin mayar da kaya gajere ne a wurare da yawa. Ku haɗa rasit, kwali, littafi da duk abin da ta zo da shi. A tabbatar ba harsashi a ciki, ba a ɗane take ba, a kuma tambaye shi yadda yake so a yi da iskar da ta rage. In aikawa za a yi, a fara bincika ko kamfanin aika kaya na karɓar irinta. Wanda ya karɓa ya ba ku shaida a rubuce.

Ni a ganina ku nemi a canza ta ko a dawo da kuɗi, kada ku yarda da "bari mu ɗan duba ta". In an kawo wata, a cika ta a gabanku, a gwada makullin kariya da kunama kafin ku sa hannu.