Duwatsun da kake son liƙawa a bangon Alƙur'anin nan

Ɗana na ga saƙonka tun daren jiya da hotunan da ka turo, ban amsa ba ne saboda bayan isha'i idona ba ya son hasken waya. Abin da ka tambaya dai shi ne, tunda Alƙur'anin da kake rubutawa ya haura izifi arba'in kuma wanda ya ba ka aikin mai hali ne, me zai hana in ka gama ka yi masa bango irin na Turawan nan, da zinariya da duwatsu masu ƙyalli, har kana cewa ka ga irin duwatsun da masu ɗinki ke liƙawa a mayafi suna nan da arha a Kantin Kwari. Toh, ban yi maka dariya ba, ni ma ina kamarka na taɓa irin wannan sha'awar.

Hoton farko ɗin nan mai dawisu uku da suka baza jela na san shi. Littafin waƙoƙin Umar Khayyam ne, wani tsohon mawaƙin ƙasar Farisa, wasu mutum biyu masu ɗaure littafi a Landan suka yi masa bango, Francis Sangorski da George Sutcliffe, waɗanda suka buɗe shagonsu a 1901. Shekara biyu fa suka yi a kan bangon nan shi kaɗai, sai 1911 suka gama. Duwatsu 1,050 ne a jiki har da yaƙutu, ga ƙananan gutsattsarin fata masu launi wajen 5,000 da aka yanka aka jera ɗaya bayan ɗaya. Kuɗinsa kuma fam 1,000 aka sa, ba a samu mai biya ba, ƙarshenta a gwanjo aka sallama shi fam 405 ga wani Ba'amurke mai cinikin littattafai. Aka sa shi a jirgin ruwa za a kai masa, jirgin kuwa Titanic ne, watan Afrilun 1912. Yana can ƙasan teku har yau. Ba a yi wata uku ba shi ma Sangorski ɗin ruwa ya ci shi. Daga baya wani ɗan'uwan Sutcliffe mai suna Stanley Bray ya sake yin irinsa, aka adana a banki, bom ya ƙone shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bawan Allahn nan ya tsince duwatsun ya sake yin na uku, bai gama ba sai 1989, shi ne yake babban ɗakin karatu na Birtaniya yanzu. Ba wai ina nufin akwai wani abu a jikin littafin ba, ƙaddara ce kawai, so nake ka ga yawan shekarun da abin ke ci.

Kai duwatsu ka gani a hoton, ni kuma fata na gani. Ba gam suka sa suka liƙa ba. Kwalin bangon mai kauri ne sosai, ana fafe masa gurbi, kowane dutse da ɗan gidansa na ƙarfe kamar yadda maƙerin farfaru ke zaunar da dutse a zobe, sannan a kafe gidan a jikin kwalin. Zinariyar ma ba fenti ba ce, ganyen zinariya ne da aka daka har ya fi ɓawon albasa siranta, in ka yi numfashi da ƙarfi kusa da shi sai ya tashi sama. Sai a kaɗa farin ƙwai a bar shi ya kwanta, a shafa a inda aka riga aka danna zanen, a ɗora ganyen, a ɗauko ƙarfen tagulla mai siffar fure ko ɗigo a gasa shi, a taɓa shi a jiƙaƙƙen soso har ya kusa daina cuuu, sannan a danna daidai kan tsohon gurbin. Zafi ya yi yawa fata ta ƙone shikenan babu gyara, ya yi kaɗan zinariya ta ƙi kamawa. Kowane ɗigo da ka gani a jelar dawisun nan dannawa ɗaya ce da hannu. Yanzu ka auna wannan da dutsen roba da gam, ka ajiye shi a ɗakin kwano a watan Afrilu a Kano, kafin azumi biyu rabi sun zube sun bar baƙin tabo a fata wanda ba ya fita.

Amma ga abin da zai ba ka mamaki. Malamin da ya koya wa mutanen nan biyu aiki, Douglas Cockerell, a littafin da ya fitar a 1901 kan ɗaure littafi ya ce fatar da ta fi masa amfani ita ce fatar akuya da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga nan ƙasarmu. Lokacin fatun da masana'antunsu ke jemewa da sinadarai suna ruɓewa a kan kanta su zama gari, tamu kuwa da majema suka jeme da bagaruwa ta jure duk gwajin da aka yi mata. Jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi, wadda tun da can fatake ke ƙetare Sahara da fatarta har Turai ta san ta da sunan fatar Maroko. Kuka ɗaya ya yi da ita, wai tana zuwa da tabo da lahani a fuska, kuma wallahi kukan da nake yi da mahauta kenan har gobe, a yi fiɗa cikin gaggawa wuƙa ta zame ta ɓata fatar da ta isa bango biyu. To kaga abin da Bature ya yi ta yabo yana nan bayan gidanku kana tsallake shi kana neman gilashin mayafi.

Sai kuma ka tuna namu ba irin nasu ba ne. Nasu ɗinkakke ne, a gama a sa shi a akwati mai karan-miski a ciki, wani ma sai a shekara ba a buɗe ba. Namu warƙa-warƙa yake ba ɗinki, shi ya sa muke rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasan shafi don ko sun tarwatse a iya jera su. A sa a tadarishi, wato bangon fatar da ke rufe warƙoƙin, a naɗe da maɗauri a zura a gafaka a rataya. Alaramma zai zaro warƙa goma ya miƙa wa wani, ya riƙe sauran a cinya kan buzu. In ka sa duwatsu a tadarishi duk zarowa da mayarwa suna kartar cikin gafaka, maɗaurin ma ba zai kwanta ba. Adon da ya dace da shi shi ne wanda dukawa suka iya, ja na karan dafi, baƙi na kuloko, rawaya, da danna zane da ƙarfe, abin da hannu zai yi ta shafa shekara hamsin yana ƙara sheƙi.

Maganar zinariya a cikin shafi kuma bari in ba ka labarin kaina. Ina saurayi na sayi wani ruwan gwal na kwalba a kasuwa, mai shagon ya rantse min ba ya canzawa, na cika zayyanar farkon Suratu Maryam da shi, ranar har maƙwabta na kira su gani. Damina biyu aka yi mai Alƙur'anin ya dawo min da warƙar, gwal ɗin ya koma kore-kore baƙi-baƙi, ya kuma huda ya fito ta baya ya ɓata ayoyin ɗaya shafin. Ashe garin tagulla ne aka dama, tagulla kuwa in ta sha laima tsatsarta cin takarda take. Sai da na sake warƙa huɗu kyauta, kunyar da na ji ta fi asarar. Zinariyar gaske ba ta yin haka, amma ɗora ta a takarda wani karatu ne daban, ana fara gina mata ƙasa da wani kwaɓi mai farar ƙasa da gam da ɗan sukari, ya bushe, a kankare ya yi sumul, a hura masa numfashi a hankali ya ɗan yi danshi, a ɗora ganyen nan take a goge da dutse mai santsi har ya ɗau ido. Da hunturu kafin ka ɗago kai danshin ya gudu, fanka kuwa dole a kashe. In kana so da gaske zan nuna maka da damina a kan gutsuren takarda, ba a kan aikin mutane ba.

Kuma kar ka ɗauka su Turawan ba su san cewa hannu ne gaba da ado ba. Akwai wani Baibul da wasu fada-fada na jihar Minesota a Amurka suka sa wani gwanin rubutu ɗan Ingila, Donald Jackson, ya rubuta musu da hannu. An ba shi aikin a 1998, shi da mutanensa ba su gama ba sai 2011, mujalladi bakwai, a kan fatar maraƙi, da alƙalamin gashin tsuntsu da suke fiƙewa da kansu kamar yadda muke fiƙe sille. Abin da ya burge ni, duk da sun tsara inda kowace sadara za ta ƙare a kwamfuta tun kafin su fara, sai da aka samu wuraren da marubuci ya tsallake sadara guda. Ba su yar da fatar ba, sai suka rubuta sadarar a ƙasan shafi suka zana ɗan tsuntsu ya riƙo ta da igiya yana nuna gurbinta da baki. Mu ma ai a gefe muke fitar da abin da ya faɗi, sai dai mu ba ma zana mai rai a Mus'hafi.

Yanzu bari mu dawo kan naka, don na duba warƙoƙin da ka bari ranar Laraba. Baƙin ya zauna, yambarin nan ka dafa shi daidai, bagaruwar da ƙarfen ba wanda ya rinjayi wani, Allah ya yi albarka. Amma jan wasalinka ƙaro ya yi masa yawa, warƙa biyu na ɗaga na ji suna ɗan mannewa, a haka in laima ta shigo sai ja ya tashi ya bi ɗaya shafin. Rage ƙaron. Ɗigon rawaya na hamza wani wurin kamar ƙwayar gero wani wurin kamar dawa, alama ce kana yi da alƙalamin da ka ga dama. Sadarorinka kuma daga tsakiyar Suratu Ɗaha sun fara gangarowa ta hagu, harafin kaf ɗinka na safe daban na yamma daban, wato kana zarce lokacin da hannu ya gaji don ka cika adadin da ka ɗibar wa kanka. Kuri da kumsa ma, alamomin nan na cikar aya goma da aya biyar, kana yinsu kamar an sa ka dole, alhali mai karatu su yake gani sau ɗari kafin ya ga bango sau ɗaya. Ga zayyanar farkon Suratu Sad tana gabanka, nan ne wurin da za ka zuba duk wannan ƙwaɗayin adon, ja da rawaya da baƙi sun ishe ka, ka ja layukan saƙar da haƙuri kar wani ya hau wani inda bai kamata ba.

Shi mai aikin in ya matsa sai an sa masa abin ƙyalli ka turo min shi ni zan yi masa bayani, ba a bakinka ya kamata ya ji a'a ba. Asabar in Allah ya kai mu ka zo da sassafe kafin rana ta yi, za mu je wajen majema mu zaɓi fata, zan nuna maka yadda ake ɗaga ta a rana a ga inda wuƙa ta taɓa da inda ƙaya ta karce, daga nan mu biya wajen badukun da ke min tadarishi. Ka taho da awon warƙarka a rubuce, da wuƙar fiƙe alƙalaminka, na ga bakinta ya dakushe.