Kafin ka zare diskin farko a sabar nan

Na ga tambayarka. Ka ce sabar ta cika, diski huɗu ne masu tera 2 a RAID 5, wato tsarin da ke haɗa diski da yawa su yi aiki kamar ɗaya, an siyo masu tera 8, kana so ka zare ɗaya ka zura sabo ka bari ta sake gini, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka gama. Toh ana yin haka kuma yana aiki, amma ni dai ba ta nan zan sa ka bi ba yarona.

RAID 5 diski ɗaya tak take iya rasawa. Da ka zare na farko ka cinye wannan rarar da hannunka, kuma kafin ta cika sabon sai ta karance sauran ukun kaf tun daga farko har ƙarshe, tsofaffin da suka yi shekaru suna juyi ba dare ba rana, har wuraren da an daɗe rabon da a taɓa su. Tera 2 a gudun mega 150 a daƙiƙa kusan awa huɗu kenan, shi ma in ba kowa a kan sabar. In wani ya yi tuntuɓe a cikin awannin nan shikenan sai dai salati, kuma fa sau huɗu zaka shiga wannan halin.

Dan haka bakof tukuna, a wani wuri daban, kuma ka dawo da fayil biyu uku daga ciki ka buɗe su ka gani da idonka. Sannan ka bi tsofaffin da smartctl, manhajar duba lafiyar diski, ka duba Current_Pending_Sector, wato adadin wuraren da suka ƙi karantuwa, in ka ga wani adadi ba sifili ba ka tsaya ka kira ni. Sababbin ma ka yi musu dogon gwaji, sabo fil a leda yakan zo da ciwonsa. Ka kuma duba lambar samfurin ka tabbatar CMR ne, wato masu rubutu irin na da, dan masu SMR, waɗanda ke ɗora layin rubutu a kan gefen na kusa da shi, in rubutu ya yi tsawo sai su riƙa jan ƙafa har RAID ta ɗauka sun mutu ta fitar da su.

In akwai gurabe a akwatin, ko wata na'ura a gefe, haɗa sababbin su kaɗai a sabuwar RAID ka kwashe data da umarnin kwafi na rsync -aHAX mutane na ta aikinsu, da dare ka tsayar da komai musamman ma'ajiyar bayanai ka sake bi zagaye na biyu, wannan ba ya daɗewa tunda abin da ya canza kawai zai ɗauka. Daɗin wannan hanyar tsofaffin suna nan ba abin da ya taɓa su. In gurbi ɗaya ne ya rage kuma mdadm, manhajar RAID ta Linux, kake amfani da shi, yi --replace, zai kwafa kan sabon tsohon na ciki bai fita ba.

Wajen rarraba sababbin, tsarin GPT zaka yi musu, tsohon tsarin MBR ba ya wuce tera 2. Kar ka yarda da sunaye irin sda da sdb da Linux ke ba diski, suna iya musanya wuri bayan an sake kunnawa, lambar siriyal zaka rubuta a ɗan tef ka manna a gaban kowane gurbi. In da --replace ka bi, fili ba zai ƙaru ba sai na huɗun ya shiga, sannan mdadm --grow --size=max, in akwai LVM, mai rarraba fili a saman RAID, ka bi da pvresize da lvextend, sai resize2fs ko xfs_growfs gwargwadon tsarin fayil ɗin da ke kai. Kowane zai nuna maka wajen 7.3 maimakon 8, ba cutarka aka yi ba, kamfani da dubu yake lissafi kwamfuta kuma da 1024.

Duba UUID, lambar shaidar kowane ɓangaren diski, a fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa sabar abin da za ta haɗa in ta tashi, in daga diskin nan sabar take tashi ka sa GRUB, manhajar da ke tada ta, a kan sababbin kafin ka kashe. Tsofaffin kuma ka ajiye su a durowa kar ka goge, ko wa ya ce yana buƙatarsu ka turo shi wurina.